Na'urorin duba masu ciwon zuciya: aikin kowace, iyakarta, da abin da majinyaci a Yamai ya kamata ya sani

Ciwon zuciya da na jijiyoyin jini su ne suka fi kowace cuta kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 17 da dubu 900, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suka rasu.

Zuciya tana bugawa kusan sau dubu 100 a yini, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Ɗakuna huɗu ne a cikinta, da ƙyamare huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya, da wata ƴar wutar lantarki ta kanta wadda ke ba da umarnin bugawa, sannan da jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciyar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya lalacewa shi kaɗai, shi ya sa babu na'ura guda da ke gano komai.

Mazaunin Gamkalley, a gunduma ta huɗu ta birnin Yamai, yakan fara ne daga ƙaramin gidan likita na unguwa, CSI, ko wata kilinik mai zaman kanta kamar Kilinik Gamkalley da ke bakin kogi. Idan abin ya fi ƙarfin nan sai a tura shi Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko asibitin Amiru Bubakar Diallo na Lamorde da ke ƙetaren kogi, ko Babban Asibitin Referans mai gado 500 wanda ƙasar Sin ta gina, aka ƙaddamar da shi a watan Agusta na 2016. Kowane mataki da irin kayan aikinsa.

Abin sauraron ƙirji

Wani likitan Faransa, René Laennec, shi ya ƙirƙiro shi a birnin Paris a 1816. Da farko takarda ya naɗe kamar bututu ya ɗora a ƙirjin wata majinyaciya, daga baya ya sassaƙa na itace. Da shi lokotoro ke jin ƙarar rufewar ƙyamaren zuciya, da wani huci da jini ke yi idan yana ratsa ƙyauren da ya tsuke ko wanda ke yoyo, da ƙarar ruwa a cikin huhu. Ba ya buƙatar wuta ko batir, amma amfaninsa gwargwadon ƙwarewar kunnen mai saurare ne.

Na'urar awon tansiyon

Wannan ita ce na'urar da ta fi kowace ceton rai a wannan fanni, ita ce kuma mafi arha a cikin masu aiki da lissafi. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko numfashi ya gagara. Ciwon kai da jiri ba su isa shaida ba. Mutane da yawa masu hawan jini lafiya lau suke ji, awo ne kaɗai ke tona shi.

Likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ne ya fito da ɗamarar da ake hurawa a damtse a 1896, sannan a 1905 likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano yadda ake sauraron jijiya a samu lamba biyu. Ta sama tana nuna ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki.

A nan akwai abin da ke rikita mutane. A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, an saba a ce tansiyon ɗin wane 14/9 ne, alhali na'urar zamani tana rubuta 140/90, haka ma takardun asibitocin Kano ko Sakkwato. Abu ɗaya ne: wancan da santimita aka ƙirga, wannan da milimita. Bisa ƙa'idar OMS, ana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a rana biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta wuce, ko kuma ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce.

Iri uku ake gani. Akwai tsohuwa mai zaiba a cikin gilashi, wadda ake janyewa daga asibitoci tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, saboda zaiba guba ce idan gilashin ya fashe. Akwai mai allura kamar agogo, wadda faɗuwa ko jijjigar babur ke sa ta kauce, don haka tana bukatar a riƙa gwada ta da wata lokaci-lokaci. Akwai kuma mai batir da ke hura kanta, wadda OMS ta fi ba da shawarar a yi amfani da ita, muddin irin wadda aka tantance ce. Ta damtse ta fi ta wuyan hannu aminci. Waɗanda ake tallarsu a bakin titi ba tare da sunan kamfani sananne ba suna iya ba da lambar da za ta kwantar wa mutum da hankali alhali yana cikin haɗari, kuma wannan ya fi rashin awon muni.

Ko na'urar mai kyau ce, yadda aka yi awon yana canza sakamako. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da tsayin zuciya, kuma ya yi shiru. Kada ya sha shayi mai ƙarfi, ko kofi, ko taba, ko ya ci goro rabin awa kafin awon. Ɗamarar ta dace da kaurin damtse: ƙaramar ɗamara a hannun mai jiki tana ƙara lamba, har a ɗora mutum a kan maganin da ba ya buƙata. Wanda ya tako da ƙafa cikin ranar watan Afrilu ya miƙa hannu nan take, lambar da za ta fito ba ta gaskiya ba ce.

Takardar bugun zuciya, ECG

Wannan na'ura tana zana wutar lantarkin zuciya a kan takarda. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya kammala ta farko mai inganci a wajen 1903, ya kuma samu kyautar Nobel a 1924. Tasa ta kai nauyin kilo 270, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitan ruwan gishiri. Ta yanzu ana ɗaukarta da hannu ɗaya. Ana manna wayoyi goma, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, su ba da zane goma sha biyu, kamar an kalli zuciyar ta kusurwa goma sha biyu.

Wasu majinyata kan tsorata da ganin wayoyin, suna zaton za a sa musu kuran. Na'urar ba ta tura komai cikin jiki, sauraro kawai take yi, kuma aikin bai wuce ƴan mintoci ba. Tana nuna ko bugun ya yi sauri ko ya yi jinkiri (na babban mutum mai hutawa yana tsakanin 60 da 100 a minti), ko ya rikice, ko bangon zuciya ya yi kauri saboda daɗaɗɗen hawan jini, ko wata jijiya ta toshe naman zuciya yana mutuwa. Mai ciwon ƙirji mai tsanani ƙa'ida ita ce a yi masa ECG cikin minti goma da isowarsa asibiti, a haɗa da awon jini na turoponin, wani sinadari da ke fita idan naman zuciya ya ji rauni.

Iyakarta ita ce abin da ke faruwa a daƙiƙun da aka ɗauka kaɗai take gani. Wanda zuciyarsa ke rikicewa sau ɗaya a yini yana iya samun takarda mai kyau. Irinsa ake ɗaura wa ƙaramar na'urar Holter ya tafi gida da ita awa 24 ko 48. Wani kuma sai an sa shi tuƙa keke ko tafiya a kan bel ana ɗauka, don ciwon nasa sai da wahala yake bayyana.

Takardar ECG da zafi ake buga ta, kuma zafi ne ke goge ta. Wadda aka bari a cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano takan koɗe cikin ƴan watanni. Dabara ita ce a ɗauki hotonta da waya ko a yi mata fotokofi tun ranar farko, domin likita yakan so ya kwatanta tsohuwa da sabuwa.

Ƙarancin likitocin zuciya a karkara ya sa wani injiniya ɗan Kamaru, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, allon hannu da ke ɗaukar ECG a ƙauye ya aika wa ƙwararre a birni ta layin salula. Aikin ya samu kyautar Rolex a 2014.

Eko na zuciya

Hoton ƙirji na radiyo yana nuna inuwar zuciya ne kawai, ko ta kumbura, ko ruwa ya taru a huhu. Eko kuwa yana nuna ta tana motsi. Sauti ne mai sirantar da kunne ba ya ji ake turawa cikin ƙirji, ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a birnin Lund na Suwidin a 1953, da na'urar da suka aro daga masu binciken tsagewar ƙarfen jiragen ruwa. Babu allura, babu haɗari, ko ga jariri ko mai juna biyu.

Da eko ake auna girman ɗakunan zuciya, a ga ƙyauren da ya tsuke ko yake yoyo, a ga huji a zuciyar yaron da aka haifa da shi, a ga ruwa a jakar da ke lulluɓe da zuciya, wanda tarin fuka kan jawo. Akwai wata lamba da ake rubutawa FE ko FEVG a takardar sakamako. Tana nufin kason jinin da babban ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Na mai lafiya yakan kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Idan ya sauka ƙasa da 40, zuciyar ta yi rauni sosai.

Cututtuka biyu ne suka sa eko ya zama dole a wannan yanki.

Ta farko ita ce raunin zuciya na masu jego, wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duk duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi ɗaruruwan mata masu wannan ciwo, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. A Babban Asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke fama da shi suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jininsu. Wani bincike na asibitin koyarwa na Sakkwato da aka buga a 2007 ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci bincike mai faɗi a Najeriya, wanda ya nuna cewa talauci, rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na lokacin ciki suna da babban hannu, kuma ana samun ciwon har ga matan da ba su yi waɗancan al'adu ba. Kanwa dai gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Alamunsa kumburin ƙafafu, haki, tari da dare, da kasa kwanciya sai a zaune. A gida akan ce gajiyar haihuwa ce ko sanyi ne ya shige ta, har lokaci ya ƙure. Eko ne ke raba gardama: idan FE ya gaza 45 kuma ba a ga wani dalili ba, ciwon ne. Ana maimaita shi bayan wata shida a ga ko zuciyar ta farfaɗo, kuma a kan wannan sakamako likita ke faɗa wa mace da mijinta ko wani cikin zai zama haɗari ga ranta.

Ta biyu ita ce lalacewar ƙyamaren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaro, idan ba a yi maganinta ba jiki ya juya yana yaƙar gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Binciken da aka yi wa ƴan makaranta a Mozambik da Kambodiya, aka buga a 2007, ya nuna eko yana gano yara masu wannan lahani kusan ninki goma na waɗanda abin sauraron ƙirji ke ganowa. Yaron da aka gano da wuri, allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu tana iya hana ciwon ci gaba, ta raba shi da aikin tiyata. Yanzu akwai ƙananan na'urorin eko da ake jonawa da waya ko allon hannu, waɗanda ake iya zuwa da su makaranta ko ƙauye.

Ƙananan kayan gefen gado

Ɗan matsin da ake sa wa a yatsa yana auna yawan iskar oksijin a jini da saurin bugu. Na mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Sanyin yatsa, jan farce da baƙin lalle suna iya ɓata awon. Wani bincike na jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya kuma nuna cewa na'urar takan ƙara wa masu baƙar fata lamba, ta ɓoye ƙarancin iska kusan sau uku fiye da yadda take yi ga fararen fata. Saboda haka idan majinyaci yana haki, lamba mai kyau ba hujjar sallamarsa ba ce.

Oksijin kuma ta hanya biyu yake zuwa: tukunyar ƙarfe da ake cikawa, ko injin da ke tace iskar ɗaki. Iskar da ake shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin, injin yana mai da ita sama da kashi 90, lita 5 ko 10 a minti. Ba ya ƙarewa kamar tukunya, amma da an ɗauke wuta ya tsaya. A ɗakin masu tsananin jinya akwai allon da ke bin bugun zuciya dare da rana yana ƙara idan abu ya canza, da famfon sirinji mai tura magani kaɗan-kaɗan daidai da awo.

Ga mai raunin zuciya da ke gida, sikelin awon nauyi ya fi kayan tsada da yawa amfani. Ruwa yakan fara taruwa a jiki kwanaki kafin ƙafa ta kumbura. Wanda ke hawa sikeli kowace safiya, ya ga ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ya koma wurin likita ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.

Na'urar farfaɗo da zuciya

Wani lokaci wutar zuciya takan hargitse, naman ya riƙa karkarwa maimakon bugawa, jini ya tsaya, mutum ya faɗi. Defibirilata tana ba da bugun lantarki guda mai ƙarfi wanda ke tsayar da hargitsin, zuciyar ta sake kama tsarinta. Claude Beck ya fara ceton wani yaro da ita a ɗakin tiyata a Amurka a 1947, Frank Pantridge kuma ya sa ta a motar asibiti a Belfast a tsakiyar shekarun 1960.

Masu kallon ƙwallo sun ga bambancin da minti ke yi. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon a 2003, duka biyu ba su tashi ba. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kopenhagen a watan Yuni na 2021, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar, ya rayu har ya koma wasa. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100.

Akwai irin da aka yi don kowa da kowa, wadda ake rubuta wa DAE. Ita ke karanta bugun da kanta, ta yi magana ta ce a matsa, kuma ba ta sakin wuta sai ta ga ya dace. Ba kamar yadda ake nunawa a fim ba, zuciyar da ta tsaya cik, layinta ya miƙe, wuta ba ta tayar da ita. Kafin na'ura ta iso, abin yi shi ne a kira SAMU a lamba 15 ko ƴan kwana-kwana a 18, a kwantar da mutum a ƙasa mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Yayyafa ruwa da fifita ba sa mai da jini ƙwaƙwalwa.

Batirin zuciya

Idan zuciya tana jinkiri ƙwarai, har mutum yana suma, ana dasa masa pesmeka, wadda aka fi sani da pil. Ƴar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba, ana sa ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji, wayarta ɗaya ko biyu su bi jijiya su shiga zuciya. Ba a buɗe ƙirji, kuma yawanci wurin kawai ake kashewa. An dasa ta farko a Stockholm ranar 8 ga Oktoba, 1958, a jikin Arne Larsson. Ta yi aiki na ƴan awoyi ta tsaya, aka sauya. An yi ta sauya masa har sama da ashirin, ya rayu zuwa 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya dasa masa da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi rasuwa.

Batirin yakan yi shekara bakwai zuwa goma sha biyu, ana kuma duba shi sau ɗaya ko biyu a shekara da wata kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera shi. Wannan batu ne da wanda za a yi wa dashen a waje, a Tunisiya ko Maroko ko Indiya, ya kamata ya tambaya tun kafin ya tafi: akwai kwamfutar wannan kamfani a Yamai? Ya riƙa yawo da katin na'urar, ya nuna shi a filin jirgi da kuma kafin a sa shi a injin IRM. Kada ya sa salula a aljihun ƙirji na ɓangaren da aka yi dashen, tazarar santimita 15 ta isa. Masu aikin walda da masu gyaran manyan injunan wuta, waɗanda suke da yawa a unguwar masana'antu ta Gamkalley, sai sun yi shawara da likita kafin su koma bakin aiki, don ƙarfin maganaɗisun injin yana iya ruɗa na'urar.

Tsada ce ke hana yawancin masu buƙata samunta. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi, ciki har da wani shiri na jami'ar Michigan, ke karɓar waɗanda masu su suka rasu da sauran batir mai yawa, su tsabtace su, su gwada, su aika ƙasashe marasa ƙarfi.

Ɗakin tiyo da ɗakin tiyata

A 1929 wani matashin likitan Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto. An tsawata masa a lokacin, amma a 1956 ya samu Nobel. Daga nan aka samu koronarogarafi: ana zura tiyo ta wuyan hannu ko matsematsi, a tura wani ruwa mai fitowa a hoto, a ga inda jijiyar zuciya ta toshe. Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshiya da ƙaramin balo a Zurich a 1977, Jacques Puel kuma ya dasa ƴar ragar ƙarfe mai riƙe jijiya a buɗe a Toulouse a 1986. Wanda aka sa wa ragar dole ya riƙa shan maganin hana daskarewar jini yadda aka rubuta masa. Dainawa da wuri, don kuɗi sun ƙare ko don an ji sauƙi, yana iya toshe ta gaba ɗaya.

Aikin buɗe zuciya kuwa yana buƙatar injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, wanda John Gibbon ya fara nasara da shi a 1953. A Najeriya an yi irin wannan aiki na farko a Inugu a 1974. Cibiyar zuciya ta Abidjan ta buɗe a shekarun 1970, cibiyar Salam ta Khartum mai yin aiki kyauta ta buɗe a 2007, ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque kuma tun 1996 take kai yara Faransa a yi musu aiki.

Wanda za a sauya wa ƙyauren zuciya yana da zaɓi biyu, kowane da wahalarsa. Na ƙarfe yana daɗewa har ƙarshen rai, amma sai an sha maganin tsinka jini kullum, ana awon INR a kai a kai, yawanci ana neman lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3 ko sama kaɗan gwargwadon ƙyauren. Maganin kuma yana da haɗari ga ɗan tayi. Na naman dabba, wanda ake yi da na saniya ko na alade, ba ya buƙatar wannan magani na dindindin, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matasa ma kafin haka. Budurwar da ke son haihuwa, ko mutumin da garinsu ke nesa da inda ake awon INR, lissafinsu ya bambanta da na mazaunin birni.

Wuta, ƙura da masu gyara

Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya duba kayan asibiti sama da dubu 100 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki, galibi saboda rashin horo, rashin kayan gyara da rashin tsarin kula da su. Kayan kyauta sukan zo babu littafin bayani da Faransanci, ko an yi su don wutar bolt 110 alhali ta Nijar 220 ce.

Yanayin Yamai ma ba ya raga musu. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, yana kashe batir da wuri, yana busar da gam ɗin wayoyin ECG da na defibirilata, waɗanda dama suna da ranar ƙarewa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar injin oksijin, sai an riƙa wanke ta kowane mako. Hawa da saukar wuta yana ƙona allunan cikin eko idan babu abin daidaita ta. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, asibitoci sun dogara ne ga gurup da hasken rana, kuma iyalan da ke da majinyaci a kan injin oksijin a gida sun ga amfanin ajiye tukunya ɗaya a gefe. Asibitin da ke da ƙwararren mai gyaran kayan likita, da kasafin sayen takarda, batir da matata, shi ne na'urorinsa ke kaiwa shekarun da aka ƙera su su yi.